Ranar Da Na Kira Sunan Yayana

Wata baiwar Allah a cikinku ta rubuto min a ƙasan rubutuna na baya, wai, "Ke kuwa Kere, me ya hana ki ɗaga waya ki kira yayanki ki gaya masa gaskiya?" Na karanta na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. 'Yar'uwa, ban ga laifinki ba. A tsibirinmu, daga ranar da mace ta fara zama budurwa, ita da wanta na ciki ɗaya sun gama hira ke nan. Babu faɗa a ciki, girmamawa ce. Ba na zama inda ya zauna, ba na ratsawa ta gabansa, ba na kallon ƙwayar idonsa, sunansa kuwa bakina ya manta yadda ake furta shi. "Baban Losa" nake ce masa. In yana da saƙo sai ya gaya wa Nana, mahaifiyarmu, ko da ina zaune a bayanta ina jin komai, ita kuma ta juyo ta maimaita min kamar kurma. Haka na tashi na gani, kuma abin bai taɓa damuna ba sai a makon nan.

Waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Miliakere. Ina aiki a wani ɗakin bincike a Suva, babban birnin ƙasarmu, inda muke bin sawun ƙwayoyin cutar da ke shiga jikin yara ta ƙurajen ƙazuwa, su wuce cikin jini, su je su ɓata ƙashi ko zuciya. Farkon makon nan tawagarmu ta je tsibirinmu duba 'yan makaranta. Ni da hannuna na goga tsinken auduga a gyambon da ke gwiwar Losalini, 'yar yayana mai shekara bakwai, tana ta zuba min surutu wai in na koma birni in sayo mata takalmin nan mai kawo wuta in an taka. Nas ɗin tsibirin ta ba ta maganin ruwa ta ce a riƙa ba ta, muka tattara kayanmu muka dawo.

Ranar Juma'a da safe na buɗe akwatin ɗumin da muke rainon ƙwayoyin cuta a ciki, na ciro farantanmu. Yadda muke yi shi ne, mu shuka ƙwayar cutar a ɗan faranti mai murfi, mu jera wasu ƙananan takardu a kai, kowacce da maganin da aka jiƙa ta da shi. Maganin da ke kashe cutar za ka ga fili fes ya zagaye takardarsa. Na ɗaga farantin Losa saitin fitila. Takardar maganin da ake ba ta a gida babu fili ko na sisin kwabo a gefenta. Cutar ta tsiro har ta hau kan takardar, ta yi ɓul-ɓul abinta kamar abinci aka zuba mata.

Dakta Naidu, shugabarmu, ta leƙo ta bayana. Mace ce da ba ta ɓata baki.

"Ta gidanku ce ko? Fuskarki ta riga ta faɗa. Yaya jikin yarinyar?"

"Matar yayana ta turo min saƙo jiya. Gwiwar ta kumbura, ba ta iya takawa, ga zazzaɓi."

Ta cire tabarau ta goge. "To ya kai ƙashi. Wannan ya wuce maganin cokali, Kere. Ƙarin ruwa take so da wani maganin daban, wataƙila ma a buɗe a wanke. Ki ce su kawo ta yau."

Ki ce su kawo ta yau! Da sauƙi a bakinta. Muka kira nas ɗin tsibiri, ta je gidanmu, ta kira mu da rana muryarta a sanyaye. Wai yayana ya yi mata sannu da zuwa, ya sare mata ɗanyar kwakwa ta sha, ya saurare ta har ta gama, sannan ya raka ta bakin hanya ya ce ya gode, amma 'yarsa ba za ta hau ruwa ba.

Kada ku yi saurin zaginsa. Yayana ya taɓa ɗaukar ɗansa na fari, Tevita, ya kawo shi birni da ciwon ƙirji, yaron yana tafe yana lissafa motoci. A akwatin gawa ya mayar da shi. Babu wanda ya yi sakaci, ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinsa kafin su iso, amma je ki gaya wa uba haka. Tun daga ranar, a wajensa asibitin birni wuri ne da ake shiga da yaro a fito babu shi.

Na kira Nana ina kuka. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ki zo gobe komai zai daidaita. Ki taho da rigar nan taki shuɗiya mai furanni, da zanenta." Da hankalina na jikina da na tsaya na tambayi kaina me ya haɗa jinya da shuɗiyar riga.

Mutum ɗaya ne a duniya yake iya tsayawa gaban yayana ya faɗa masa duk abin da ya ga dama, har ya zage shi ya ƙwace masa hula, a yi dariya a wuce. Jolame ne, ɗan kawuna Momo Viliame, wan Nana. Taubashinmu ne, tavale kamar yadda muke cewa, kuma kun san shi ne mutumin da Nana ta kafa min ƙahon zuƙa a kansa tun bara wai in aure shi. Ba ƙin sa nake ba, wannan na sha faɗa muku. Tsorona in amsa, a wayi gari na ajiye farar rigar aiki na koma kankare kwakwa. Shi ya sa saƙonninsa suka taru a wayata ban amsa ba. Na buɗe su da yamman nan ina jin kunyar kaina.

"Likitar ƙuda, kin tashi lafiya?"

"Yau na kama kifi mai kama da ke sak, baki a tsuke."

"Kere, wasa a gefe. Ina jiran amsarki."

Na rubuta, "Ina buƙatar jirginka gobe da sassafe." Ko ajiye wayar ban yi ba ya amso.

"Jirgin kaɗai, ko har da direban?"

"Jolame don Allah."

"Zan zo."

Da safe na same shi a bakin gaɓa ya riga ni, yana zaune a kan injin kwalekwalensa. Abin da ya fara ba ni mamaki rigarsa ce. Jolame da kullum yake cikin yagaggiyar rigar ƙwallo mai warin kifi, yau ga shi cikin sabuwar riga mai zanen ganye, ta sha guga har tana tsayuwa da kanta, sumar nan ta sha man kwakwa tana ƙyalli.

"A'a, 'yan birni! A shimfiɗa miki tabarma ko za ki iya zama a katakon talakawa?"

Sai da muka bar gaɓa na matsa kusa da shi na nuna masa hoton farantin a wayata, na yi masa bayani da ƙarfi saboda ƙarar inji. Ina kallon dariyar tana zubewa daga fuskarsa. Ya rage wuta.

"Kina nufin maganin da take sha ruwan banza ne?"

"Ruwan banza ne. In ba a fitar da ita yau ba, ƙafar za ta tafi, ko ita gaba ɗaya. Kai kaɗai za ka iya gaya masa."

"Zan gaya masa. Ko ɗaure shi zan yi sai ya ji." Ya sosa ƙeya. "Kere, ke nan ba don ɗaya maganar kika zo ba?"

"Wace magana?"

Ya kalli teku. "Yau su babana za su kawo tambua gidanku. Nana ce ta ce kin amince, ta ce ma ke kika zaɓi ranar."

Na rantse muku da ba a tsakiyar ruwa muke ba da na sauka na tafi da ƙafa. Wato haƙorin babban kifin nan da ake neman aure da shi, yau za a durƙusa a miƙa shi a kaina, ni ban sani ba, yarinya kuma tana kwance cuta na cin ƙashinta. Na buɗe baki zan yi masifa, na ga yadda ya ƙanƙame sitiyarin injin yana jiran in ce wani abu, sai tausayinsa ya kama ni. Shi ma an yaudare shi.

"Wannan maganar a ajiye ta," na ce. "Yaushe ruwa zai janye?"

"Da rana ta karkata. In ya janye, mashigar da ke tsakanin duwatsun bakin tsibirinku ba ta wucuwa sai gobe."

Tun daga bakin rairayi na jiyo ƙanshin hayaƙi. An haƙa ramin gashi a bayan gida, maza suna jera duwatsu a kan wuta. Mata sun cika tsakar gida, masu feraye gwaza na yi, masu matse madarar kwakwa na yi, an fito da sabbin tabarmi masu bakin zare ja da kore waɗanda Nana ke ɓoyewa ƙarƙashin katifa tun ina 'yar makaranta. Suna ganina suka saka guɗa. Wata gwaggo ta rungume ni tana shinshina kumatuna, wai amarya ta rame, a ba ta rogo. Na zame jikina na shige ɗakin baya.

Warin ne ya fara tarbe ni. Losa tana kwance a kan tabarma ƙarƙashin gidan sauro, an naɗe gwiwar da ganye an ɗaure da tsumma. Akanisi, matar yayana, tana yi mata fifita da murfin kwali, idanunta sun kumbura. Na taɓa goshin yarinyar na janye hannu da sauri.

"Nei," Losa ta ce, haka take kirana, gwaggonta. "Kin kawo takalmin?"

"Yana birni yana jiranki. Za mu je ki zaɓa da kanki."

Na ɗaga ganyen kaɗan. Gwiwar ta yi biyun 'yar'uwarta, fatar ta yi ja tana sheƙi, jan ya fara hawa cinya.

"Maɗori ya zo da safe," Akanisi ta raɗa min. "Ya ce targaɗe ne, ya murza mata. Kere, ihun da ta yi har coci an ji. Ya ce zai dawo da yamma ya ƙara."

Tsohon nan ba mugu ba ne, gidansu gado suka yi, ni kaina ya taɓa gyara min hannu. Amma murza ƙashi mai ruɓa daidai yake da tura cutar cikin jini da hannu. Na ce mata, "Kin gaya wa babanta a fita da ita?"

"Na faɗa har na gaji. Da na ambaci birni sai ya tashi ya fita."

Nana ta shigo da shuɗiyar rigata a hannu, ta riga ta zaro ta daga jakata ta goge. Na miƙe.

"Nana, me ya sa kika yi min haka?"

"Me na yi? Da na biye miki sai kin tsufa kina leƙen faranti. Sa rigarki, baƙi sun kusa."

"Ki dubi yarinyar nan! Ki je ki gaya wa baban Losa in ba ta bar tsibirin nan yau ba..."

"Kul! Kada ki yi mata mugun baki." Ta rage murya. "Zan gaya masa, amma ba yau ba. Wana ne zai zo da dattawan garinsu, kina so in tayar da maganar asibiti a ɓata taro, a ce gidanmu ba mu san girma ba? A gama lafiya, gobe a yi coci a yi mata addu'a, Litinin sai a san abin yi."

"Ba za ta kai Litinin a haka ba."

"Ke Allah ce?" Ta ajiye min rigar a kafaɗa ta fita. Ita ma tsoron take ji, ta rasa wanda za ta fi tsoro ne, ɗanta ko wanta ko cutar.

Na zagaya bayan madafa na laɓe a jikin langa-langa, inda nake hango ramin gashi. Yayana yana tsaye da sanda yana juya duwatsu, ba riga, gumi na zuba. Jolame ya nufe shi kai tsaye.

"Tavale, zo gefe, magana ce da ni."

"Ka faɗa a nan, ango. Ko guga ce ta hana ka lanƙwasa?" Mazan suka kwashe da dariya.

"Ba wasa nake ba. Ƙafar Losa ba targaɗe ba ne. Cuta ce a ƙashi, maganin da take sha ba ya kashe ta. A ba ni ita in kai ta birni yanzu."

Wani ya buga cinya. "Kai! Tun ba a ba shi likitar ba ya fara duba marasa lafiya!"

"Zama ɗaya a jirgi ya haddace karatun," wani ya ƙara. "Dakta Jolame, ga bayana nan na ciwo, a taimaka."

"Ku yi min shiru! Tavale, dube ni. Na rantse da kabarin..."

"Ji shi, har da rantsuwa," yayana ya ce yana murmushi. "Bara ma haka ka rantse min saniyata ta faɗa rami, na bar abinci na ruga a guje, na tarar da ita tana kiwo. Yau ba za ka same ni ba. So kake ka ɗauke ƙanwata a jirgi kafin a gama biki, ka bar mu da gwaza."

Jolame ya kama hannunsa da ƙarfi, fuskarsa babu alamar wasa. Kun san abin da ya faru? Ƙara fashewa suka yi, wai ku ga yadda ya iya shirya fuska. Wani ya ɗebo toka ya shafa masa a sabuwar rigar, yayana ya dafa kafaɗarsa ya ture shi yana dariya. Ni da wayona na ɗauko mutumin da aka yarda ya faɗi komai, na manta cewa shi ne kuma mutumin da ba a taɓa ɗaukar maganarsa da gaske ba. Jolame ya waiwayo ya hango ni a laɓe, ya girgiza kai, idonsa ya yi ja.

Kafin in san abin yi aka buga ganga, baƙi sun iso. Gwaggonnina suka ja ni ɗaki suka zura min shuɗiyar rigar, suka ɗaura min zanen har ƙasa, suka shafe min hannu da wuya da man kwakwa mai ƙanshi, aka soka min farar fure a bayan kunne. Ina tsaye kamar gunki. Ta taga ina hango teku, duwatsun bakin mashiga sun fara leƙo da kawunansu.

Aka zaunar da ni can ƙarshen zaure a bayan mata. Maza sun yi layi biyu a kan sabbin tabarmi, babban akushin yangona, abin shanmu na taron girma, a tsakiya, an miƙe igiyarsa zuwa wajen baƙi. Kowa ya san wannan igiyar: muddin tana miƙe, ba mai tashi tsaye, ba mai ratsawa, ko tari sai ka haɗiye. Tun da Baba ya rasu yayana ne babba a gidanmu, don haka shi ke zaune a sama zai karɓa. Momo Viliame ya durƙusa, ya ɗaga tambua da hannu biyu, ya fara jawabi. Kun san jawabin dattawanmu. Sai da ya faro daga kakannin da suka fara haɗa garuruwan nan biyu, da jirgin da suka zo da shi, da sunan kowane dutse da suka huta a kai.

Wayata ta yi motsi a cinyata. Akanisi ce daga ɗakin baya.

"Ta daina gane ni."

Ban san lokacin da na ja da baya da gwiwa na fice ta ƙofar mata ba. Na tarar da Losa idonta a buɗe amma ba kowa take kallo ba, numfashinta sama-sama da sauri, leɓenta ya bushe ya tsage. Tafin ƙafarta sanyi, jikinta wuta. Na san wannan alamar, na sha karanta ta a takardun yaran da samfurinsu ya iso mana bayan su sun riga sun tafi.

"Ɗauko mata zane da ruwan sha," na ce wa Akanisi. "Ki wuce bakin ruwa."

"Me za ki yi?"

Ni ma ban sani ba sai da na ji nauyin yarinyar a hannuna. Na fito da ita, na zagaya ta babbar ƙofar zaure, ƙofar maza, na shiga a tsaye.

Na ji numfashin mutane ya ɗauke lokaci guda. Wata ta ce, "Wayyo Allah, Kere!" Ban sunkuya ba, ban nemi gafara ba. Na ratsa tsakanin layin dattawa kaina sama da nasu, na tsallake igiyar yangona da ƙafata, na wuce ta gaban Momo Viliame da tambua a hannunsa, bakinsa a buɗe kan kalmar da bai ƙarasa ba. Na durƙusa na shimfiɗa Losa a gaban ubanta, na fizge tsumman, ganyen ya zube. Warin ya cika zauren.

Ya kawar da kai gefe, kamar yadda ya saba in na zo kusa. Ya dubi inda Nana take, yana jira ta zo ta ɗauke masa wannan abin kunya.

"Sakiusa."

Sunan ya fito min da ƙyar. Nana ta saki wata ƙara ta rufe fuska da zane.

"Sakiusa, ni za ka kalla, ba Nana ba. Ba targaɗe ba ne. Na ga abin da ke cin ta da idona, na zuba masa maganin da kuke ba ta, ya haye kansa ya zauna. Ya shiga jininta. Akwai maganin da ke kashe shi, na gwada na gani, amma babu shi a tsibirin nan. Ruwa yana janyewa. Ka kore ni daga gidan nan, ka ce ba ka da ƙanwa, na yarda. Amma ka kira ta ka ji in za ta amsa maka."

Ya juyo. Rabon da in ga cikin idon yayana tun ina yarinya, ashe irin na Baba ne. Ya sunkuya kan 'yarsa.

"Losa. Losa, Ta ne. Babanki ne."

Idonta ya wuce ta kansa ya tsaya a rufin ɗaki. Ya sake kira, ya ɗan girgiza kafaɗarta. Shiru. Wani dattijo daga cikin baƙi ya fara gunaguni wai a garinsu ba a taɓa yi musu irin wannan wulaƙancin ba. Momo Viliame ya sauke tambua a hankali, ya naɗe igiyarsa, ya tura shi cikin jaka. Na ga Jolame ya bi jakar da kallo, sannan ya miƙe tsaye shi ma a gaban ubansa.

Yayana bai ɗago ba ya ce, "Tavale. Akwai mai a jirginka?"

"A cike yake."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Yayana ya ɗauke ta da kansa har bakin ruwa, yana tafe da sauri, ni da Jolame muna binsa, zanena na harɗe min ƙafa. Ruwan ya riga ya ja baya, sai da muka yi tafiya cikin taɓo kafin mu kai jirgin. Akanisi tana ciki. Ya miƙa mata yarinyar, ya gyara mata zane a ƙafa. Na hau, Jolame ya ja igiyar inji ya tashi.

"Shigo mana, tavale!"

Yayana ya girgiza kai. "Ba zan iya ganin ƙofar asibitin nan ba kuma." Yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, ya riƙe bakin jirgin da hannu biyu, bai saki ba. Sai ya ɗago ya dube ni, ni, ba ta bakin kowa ba.

"Miliakere. Za ta dawo?"

Jama'a, na so in yi masa ƙarya. Ƙaryar tana kan harshena, kalma ɗaya ce, kuma da ita zai saki jirgin da sauri. Amma abin da na sani a faranti na san shi, ban san abin da ya rage a jikin yarinyar nan ba.

"Ban sani ba, Yaya. In ta zauna dai na sani."

Ya runtse ido. Jolame yana kallon mashiga yana cizon leɓe, ƙasan jirgin ya fara gogar yashi. Sai na ji yayana ya tattara ƙarfinsa ya ingiza mu, har ya faɗi da gwiwa cikin ruwa.

Da ƙyar muka wuce duwatsun, na ji ɗaya ya karce mu ta ƙasa. Muna fita fili igiyar ruwa ta fara ɗaga mu tana bugawa. Na karɓi Losa daga hannun uwarta na rungume, na sa yatsa a wuyanta ina neman bugun, na same shi siriri yana gudu. Na jiƙa bakin zanena na ɗiga mata ruwa a leɓe, ya gangaro ta gefe bai shiga ba. Na kira sunanta a kunne, na yi mata maganar duk abin da na san tana so, ko gira ba ta motsa ba. Gabanmu babu komai sai ruwa, ko inuwar babban tsibirin da birni yake ba a fara gani ba.

"Jolame, ƙara wuta! Don girman Allah ka ƙara!"

Bai kalle ni ba. Hawaye ne ko ruwan teku a fuskarsa, ban sani ba.

"Na ƙure shi, Kere. Iyakar gudunsa ke nan."